Tsallen Tsuguno: Yadda Ake Ƙarfafa Ƙafa da Zuciya Ba Tare da An Ɓata Gwiwa Ba

Mai tura keken tsofaffi tsakanin Safa da Marwa, da direban da ke wuni a zaune tsakanin Jidda da Makka, da ɗalibin jami'a a Madina da ke buga ƙwallo daren Alhamis, duk ƙafa suke buƙata mai ƙarfi da numfashi mai tsawo. Sa'ayi ɗaya kaɗai ya kai wajen kilomita 3, kuma mai tura keke yakan yi shi fiye da sau ɗaya a dare. Tsallen tsuguno yana cikin motsa jikin da ke ba da abubuwan nan biyu ba tare da an sayi ƙarfe ko an biya kuɗin gidan motsa jiki ba: ka tsuguna, ka zabura sama, ka dira, ka sake. Sai dai mafi yawan masu yinsa hankalinsu na kan tashin, alhali a wajen dira ake jin ciwo. Lokacin da ƙafa ta taɓa ƙasa, nauyin da ke sauka kanta yakan ninka nauyin jiki sau biyu, sau uku, har fiye, gwargwadon tsawon tsallen da yadda aka sauko. Wanda ya iya dira, cinyarsa da mazaunansa ne ke shanye wannan nauyi. Wanda bai iya ba, gwiwa da gadon baya ne ke biya.

Kada a haɗa shi da tsallen kwaɗo da ake horon yara da shi a makaranta. A wancan, yaro na can ƙasa a durƙushe kan yatsun ƙafa, dunduniya a sama, gwiwa a lanƙwashe har ƙarshe, yana tsalle a haka. Wahala ce zalla, kuma tana cin gwiwa. A tsallen tsuguno tafin ƙafa duka yana ƙasa kafin a tashi, jiki yana miƙewa sambal a sama, kuma ba a sauka har can ƙasa.

Kafin ka ɗaga ƙafa daga ƙasa

Gwada kanka da abu uku. Ka yi tsuguno na tsaye-zauna sau 20 a jere, dunduniya ba ta ɗaga ba, gwiwa ba ta yi zafi ba. Ka tsaya da ƙafa ɗaya daƙiƙa 30 kowane ɓangare ba ka dafa bango ba. Sannan ka tsaya gaban bango, babban yatsan ƙafa nesa da shi kamar santimita 10, ka tura gwiwa gaba har ta taɓa bangon dunduniya na ƙasa. Idan na ukun ya gagara, idon sawunka ya sage, kuma duk lokacin da ka dira jiki zai nemi wannan lanƙwasar a wani wuri, galibi ta hanyar karkata gwiwa ciki. Yawancin mutanenmu da suka tashi suna tsuguno wajen alwala da cin abinci sukan wuce wannan gwaji cikin sauƙi. Waɗanda suka shekara goma kan kujerar mota ko ta ofis su ne ke mamakin kansu.

Wanda bai wuce gwajin ba, ya yi mako biyu zuwa uku yana tsuguno ba tsalle, yana ƙarawa da ɗaga dunduniya sau 15 zuwa 20 a bakin matakala. Ba ɓata lokaci ba ne. Tsoka tana ƙarfi cikin makonni, amma agara da jijiyar da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa sai sun ɗauki watanni, kuma su ne tsalle ya fi wahalarwa.

Akwai waɗanda bai kamata su fara ba sai likita ya ce to: mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai ciwon zuciya, mai ciwon sugan da ya taɓa masa ido ko ya kashe masa jin tafin ƙafa, wanda aka yi wa aiki a gwiwa ko baya, da mai juna biyu. Wanda nauyinsa ya haura kilo 100 kuma bai saba motsa jiki ba, ya fara da tafiya da tsuguno kan kujera, tsalle ya zo daga baya. Mai jego ta jira jikinta ya koma, aƙalla wata uku, kuma idan ta ga fitsari na ɗiga lokacin tsalle, alama ce naman ƙasan mara bai gama ƙarfi ba. Wannan ba abin kunya ba ne, yana kuma gyaruwa da atisayen matse mara, amma ci gaba da tsalle a haka ƙara shi yake yi.

Wuri da takalmi

Gidajen Saudiyya kusan duk tayil ne ko marmara a kan siminti, kuma babu dandamalin da ya fi wannan muni ga tsalle: ba ya lotsawa ko kaɗan, da gumi ya ɗiga kansa kuma ya zama santsi. Darduma ko sallaya a kan tayil ta fi tayil ɗin haɗari, domin zamewa take yi ƙarƙashin ƙafa daidai lokacin dira. Abin da ya dace shi ne tabarmar roba mai kaurin santimita 1 zuwa 2 wadda ke kama ƙasa, ko kafet ɗin da aka shimfiɗe ɗaki duka da shi. A waje, ciyawar filin ƙwallo ko hanyar tafiya ta unguwa da aka malala wa roba sun fi kwalta. Yashin bakin teku a Jidda yana da sauƙi ga gaɓoɓi, ya kuma dace da mai koyo, sai dai yana shanye ƙarfin tashi, ba za ka yi sama sosai ba.

Duba sama kafin ka fara. Fankar silin ta fi kusa da hannun mai tsalle fiye da yadda ake zato. Mazaunin bene kuma ya tuna da na ƙasa, wanda watakila da asuba ya dawo daga aiki.

Takalmin kambas mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, ɗaure da igiya, shi ne daidai. Silifas da takalmin fata mai buɗaɗɗen baya, a'a. Ƙafa ba takalmi tana yiwuwa kan tabarmar roba ga wanda ya saba. A jallabiya ba a yinsa, domin tana harɗe gwiwa, kuma tana ɓoye abin da ya fi muhimmanci a gani, wato inda gwiwa ke dosa.

Motsin kansa

Ɗumama jiki minti 8 zuwa 10: tafiya da sauri ko gudu a wuri ɗaya har gumi ya fara tsatsafowa, juya idon sawu, wurga ƙafa gaba da baya sau 10 kowace, tsuguno a hankali sau 10, sai ƙananan tsalle kan yatsu sau 15. Dogon miƙa jijiya na minti-minti a bar shi sai an gama.

Tsaya ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, yatsu sun ɗan kalli waje kaɗan. Nauyi ya rabu wuri uku a tafin ƙafa: dunduniya, gindin babban yatsa, gindin ƙaramin yatsa. Kafa ido kan wani abu a bango daidai tsayin fuskarka. Mai kallon ƙasa ƙirjinsa faɗuwa gaba yake yi.

Ja numfashi, ka ɗaure ciki. Sauka ta hanyar tura mazaunai baya da lanƙwasa gwiwa lokaci guda, hannuwa na tafiya baya. Gadon baya a miƙe, ƙirji a buɗe, ko da yake jiki zai ɗan rusuna gaba, kuma hakan daidai ne. Zurfin saukar: tsakanin rabin hanya zuwa inda cinya ta kusa daidaita da ƙasa. Ba a buƙatar sauka ƙasa da haka.

Ga inda ƙarfin yake. Da ka kai ƙasan saukar, kada ka tsaya. Agara da jijiyoyin cinya suna aiki ne kamar danƙon harbin tsuntsu: saukar da sauri ita ce jan danƙon, idan ka sake nan take sai ya harba, idan ka riƙe shi ka tsaya tunani, ƙarfin da ya taru ya zube. Saboda haka sauka da tashi motsi ɗaya ne. Taka ƙasa da tafin ƙafa duka, ka miƙe zumbur, kwankwaso da gwiwa da idon sawu su buɗe a jere, yatsun ƙafa su ne na ƙarshe barin ƙasa. Wurga hannuwa gaba da sama tare da tashin, ka furzar da numfashi. Hannun nan ba ado ba ne, yana ƙara wa tsalle kashi goma cikin ɗari ko fiye. A sama jiki ya zama a miƙe, ba a naɗe ƙafa baya don a ga kamar an yi nisa.

Dira

Gaban tafin ƙafa ne ke fara taɓa ƙasa, dunduniya ta biyo nan take. Kura-kurai biyu ne a nan, kowanne da ciwonsa. Wanda ya faɗo kan dunduniya, bugun yana hawa kai tsaye ta ƙwauri zuwa gwiwa da baya. Wanda kuma ya tsaya kan yatsu bai bar dunduniya ta sauka ba, sha-raɓa da agara ne ke ɗaukar komai, bayan mako biyu sai ya fara ɗingishi idan ya tashi sallar asuba.

Da ƙafa ta taɓa ƙasa, gwiwa da kwankwaso su lanƙwashe tare, ka zarce cikin tsuguno. Kada ka taɓa dira da ƙafa a sanƙare. Tsawon lokacin da jiki ya ɗauka yana tsayar da kansa shi ke rage ƙarfin bugun, kuma lanƙwasar ce ke ba da wannan lokaci.

Kunne ma malami ne. Dira mai kyau ƙararta kaɗan ce. Idan ana jin tim, tim daga ɗakin da ke kusa, ko kofin shayi na rawa kan tebur, rage tsawon tsallen har ƙarar ta ɓace, sannan ka riƙa ƙarawa. Idan kuma ƙara biyu kake ji, ta-tam, ƙafa ɗaya na riga ɗaya sauka, ma'ana kana jingina kan ƙafar da ta fi ƙarfi, sau da yawa saboda tsohon targaɗe a ɗayar.

Babban abin tsoro shi ne gwiwoyi su karkato ciki, su nufi juna lokacin dira. A wannan yanayi ne jijiyar da ke cikin tsakiyar gwiwa ke tsinkewa, irin raunin da ke zaunar da ɗan ƙwallo kusan shekara, kuma mata sun fi maza kamuwa da shi. Mai yi ba ya ji a jikinsa, sai ya gani. Jingina wayarka a ƙasa kamar taku uku a gabanka, daidai tsayin gwiwa, ka ɗauki tsalle biyar, ka kalla a hankali. Ƙoƙon gwiwa ya kamata ya kalli inda yatsa na biyu da na uku ke kallo, daga tashi har dira. Idan yana faɗawa ciki, dalilin galibi raunin naman gefen mazaunai ne, ko sagewar idon sawu, ko kuwa gajiya. Maganinsa: rage tsawo, ka riƙa tura gwiwa waje da gangan, ka ƙara da ɗaga kwankwaso a kwance rigingine sau 15 da tafiya gefe-gefe a rabin tsuguno, taku 10 kowane ɓangare.

Maganar da ake yawan yi cewa gwiwa kada ta wuce yatsun ƙafa, ba doka ba ce. Dogon mutum dole gwiwarsa ta ɗan wuce. Abin lura shi ne dunduniya na ƙasa kuma mazaunai sun tafi baya.

Ƙarfi daban, numfashi daban

Motsi ɗaya ne, amma tsari biyu ne, kuma wanda ya gauraya su ba ya samun ko ɗaya cikakke.

Mai neman ƙarfin zabura, irin na ɗan ƙwallo da ke son tashi ya sa kai, tsalle kaɗan zai yi amma kowanne da iyakar ƙarfinsa: sau 3 zuwa 6 a zagaye ɗaya, zagaye 3 zuwa 5, hutun minti 2 zuwa 3 tsakani. Hutun zai yi maka kamar ya yi yawa, domin ba ka haki. Dalilinsa shi ne makamashin gaggawa da tsoka ke ajiyewa don irin wannan aiki yana ƙarewa cikin daƙiƙa goma ko kusa da haka, kuma sai ya ɗauki mintuna kafin ya dawo. Da zarar ka ga tsalle ya gaza wanda ya gabace shi tsawo, zagayen ya ƙare, ko da lissafi bai cika ba. Tsallen gajiya ba ya koya wa ƙafa sauri.

Mai neman ƙarfin zuciya da numfashi kuwa, tsalle gajere zai yi, santimita 5 zuwa 10 daga ƙasa, a jere: daƙiƙa 20 aiki, daƙiƙa 40 hutu kana takawa, zagaye 6. A daƙiƙa 20 mutum yakan yi tsalle 10 zuwa 12, kenan 60 zuwa 72 gaba ɗaya, kuma ya ishi mai farawa. Masu horar da 'yan wasa sukan tsayar da sabon shiga kan dira 80 zuwa 100 a zama ɗaya, ga lafiyayyen matashi kenan. Idan kana son zaman ya kai minti 15 ko 20, kada ka ƙara tsalle, saka wasu motsin a tsakani: zagaye ɗaya tsalle, na gaba gudu a wuri ɗaya, na gaba tura ƙasa da hannu, sannan a dawo. Zuciya za ta ci gaba da aiki, gwiwa na hutawa.

Tsarin daƙiƙa 20 aiki da 10 hutu sau takwas da ya cika intanet, wanda ake kira Tabata, asalinsa binciken Izumi Tabata ne a Japan a 1996, kuma kan keken motsa jiki aka yi shi, inda babu dira. Kwafe shi kan tsalle ga wanda bai ƙware ba yana nufin zagayen ƙarshe da karkatacciyar gwiwa za a yi su.

Don auna wahalar, cire shekarunka daga 220, abin da ya rage shi ne ƙiyasin iyakar bugun zuciyarka a minti. Mai shekara 30, 190 kenan, kuma a ƙarshen zagaye bugunsa zai kai wajen 150 zuwa 170. Ƙiyasi ne kawai. Ma'auni mafi sauƙi: bayan zagaye kana iya faɗin kalma uku ko huɗu amma ba doguwar magana ba, kafin na gaba kuma numfashi ya lafa. Tsallen nan shi kaɗai ba zai cika abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so ga baligi ba, wato aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki ko 75 na mai tsanani a mako. Tafiya ce za ta cike sauran.

Sau biyu a mako ya isa, da tazarar aƙalla awa 48, misali Lahadi da Laraba. Mai buga ƙwallo ranar Alhamis ko Juma'a ya mayar da nasa Lahadi da Talata. Mako biyu na farko: tsalle gajere, ka dira ka tsaya cak daƙiƙa 3, ka miƙe, ka gyara tsayuwa, sau 5 a zagaye 3. Mako na uku da na huɗu: ƙara tsawo, sau 6 a zagaye 3, har yanzu kana tsayawa tsakanin kowane tsalle. Daga mako na biyar ka zaɓi ɗaya cikin tsarin biyu, ko ka ba kowanne ranarsa. A ranar aikin Hajji ko goman ƙarshe na azumi, ga wanda sana'arsa ta tafiya da tura keke ce, ƙafa ta riga ta sami rabonta, a ajiye tsalle.

Zafi da azumi

Da bazara Makka da Madina suna wuce digiri 40 kusan kullum, har hukuma ta hana aiki cikin rana daga 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Jidda ba ta kai su zafi ba, amma damshin iskarta yana hana gumi bushewa, kuma bushewar gumi ce ke sanyaya jiki, saboda haka daren Jidda na iya galabaitar da mutum fiye da yadda ma'aunin zafi ya nuna. Saman bene bayan magariba yaudara ne: siminti ya wuni yana shan rana, yana kuma amayar da zafin har tsakar dare. Bayan asuba ya fi, ko cikin ɗaki da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a kunne.

Sha ruwa kamar rabin lita awa biyu kafin ka fara, ka riƙa kurɓa a hutu. Hau sikeli kafin da bayan zama: duk kilo ɗaya da ya ragu, kusan lita ɗaya ce ta gumi, ka mayar da lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi cikin awannin da ke biye. Laban, wato kindirmon sha, da dabino suna mayar da ɗan gishiri da suga. Bayan kabsa ko wani abinci mai nauyi, a jira awa biyu zuwa uku.

A watan azumi kada a yi shi da rana. Bayan Tarawihi ya fi dacewa, an sha ruwa, abinci ya faɗa, kuma a rage yawan da rabi.

Ciwon da ake haƙuri da shi da wanda ba a yi

Tsamin cinya da mazaunai da ke tasowa washegari, ya tsananta kwana na biyu, har ruku'u da sauka matakala su yi wuya, wannan ba komai, yana wucewa cikin kwana uku zuwa biyar, tafiya a hankali na sassauta shi. Zafi a wuri ɗaya da za ka iya nunawa da yatsa, daidai ƙasan ƙoƙon gwiwa, wanda ke ƙaruwa wajen tsalle ko tashi daga sujada, jijiya ce ta fara gajiya. Dakatar da tsalle mako biyu, ka maye gurbinsa da jingina baya a bango cikin rabin tsuguno daƙiƙa 30 zuwa 45, sau 4, sannan ka dawo da rabin adadin da. Haka ma zafin gefen ƙwauri ta ciki, wanda kusan kullum laifin tayil ne ko saurin ƙara yawa.

Idan ka ji ƙas a gwiwa ta kumbura cikin awanni, ko ka ji kamar an buge ka da sanda a agara ka kasa ɗaga dunduniya, asibiti za ka. Idan bayan zama mai tsanani, musamman cikin zafi, cinya ta kumbura ta yi tauri, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, tsoka ce ke narkewa cikin jini, tana iya taɓa ƙoda, kuma ba a kwana da ita a gida. Ciwon ƙirji, jiri mai ɗauke gani, ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan hutu, a tsaya nan take a kira motar asibiti ta 997.

Don sanin ko kana ci gaba, goga alli a yatsa, ka tsaya gefen bango ka miƙa hannu ka taɓa, sannan ka yi tsalle ka sake taɓawa a ƙololuwa. Tazarar alamun biyu ita ce tsawon tsallenka. Gwada sau uku ka rubuta mafi tsawo, ka maimaita duk mako huɗu, a lokaci ɗaya na rana, da takalmi ɗaya. Idan ya tsaya wuri ɗaya wata biyu, yawan tsalle ba zai motsa shi ba, ƙarfin ƙafar ne ya kai iyakarsa: ƙara tsuguno da ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya, da hawa matakala biyu-biyu, ko tsuguno a hankali rungume da jarkar ruwa mai lita 10. Jarkar ta tsuguno ce kawai, ba a tsalle da ita.